Ƙurajen Fuskar Rana

Akwai wani ɗaki a gidanmu da matata take sharewa kullum da safe, alhali ba mai kwana a cikinsa. Ta sa gado, ta rataya labule, ta ajiye kujera a gindin taga. Ni kuma na shafe shi da farin fenti, na kafa ƙarfen da zai riƙa dafawa a bangon banɗaki. Ɗakin mahaifinta ne, in ya yarda ya dawo wurinmu. Shi kuwa ya ƙi.

Surukin nawa tsohon malamin kimiyya ne. Tun da matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai a hawa na uku na wani tsohon bene, matakalar duk ta zaizaye, ga idonsa yana ta ja da baya. Duk sanda matata ta ɗauko maganar, amsarsa ɗaya ce.

"Auta, ban ƙarar da ƙuruciyata a gaban allo ba don in zo in mutu a gidan mai guduma."

Mai gudumar ni ne. Ni da yayana muke da gareji a bayan tashar mota, muna miƙar da jikin motocin da suka yi karo, mu yi musu fenti. Karatuna bai yi nisa ba, wannan gaskiya ne, kuma ban taɓa jin haushin a faɗa ba. Yaya ne yake ji mini haushin. Shi da Malam, wato surukin nawa, ba sa ga maciji tun ranar da muka fara zuwa gaishe shi kafin aure. Yaya ya sa kayansa mafi kyau, har da turare, amma kafin ya zauna sai da Malam ya ɗauko jarida ya shimfiɗa masa a kan kujera. Yaya ya zauna a kan jaridar nan bai ce uffan ba. Sai dai har yau in ya ga jarida sai ya yi tsaki.

Wata rana matata ta tashi daga asibitin da take aikin jinya, ta zo gareji a motar haya da wani ƙaton abu a kujerar baya. Ni da direban muka ciro shi. Ƙwallo ne na kwano, hannu biyu ba ya zagaye shi, a kan ƙafafu uku. An yanke gefe guda an cire kamar yadda ake yanka kankana, ana ganin cikinsa hawa-hawa. Fentin ya koɗe. Jikinsa duk ƙananan ramuka ne kamar wanda ya yi ƙyanda, ga wasu manyan tabbai baƙaƙe, ga wayoyi sun tsittsiro ko'ina, wata doguwa, wata gajera, wata ta lanƙwashe ta koma jiki kamar hannun kofi. A gefe ɗaya kuma ya lotsa sosai.

"Rana ce," in ji matata. "Da ita Baba yake koyarwa tun kafin in yi wayo. Har yanzu yaran unguwarsu suna zuwa masa ran Asabar. Jiya ya ɗauko zai matsar da ita, ƙafarsa ta zame a bakin matakala, ranar ta gangara har ƙasa."

"Shi fa?"

"Gwiwa ce ta ɗan ɗaye. Wannan karon ke nan." Ta dafa ƙwallon. "Da ƙyar ya yarda na kawo. Ya ce lotsawar kawai za a taɓa. Don Allah ka yi masa aikin da zai san hannunka. Wataƙila ta nan zuciyarsa ta sauko."

Na ce to. Tana tafiya aka kira ni a waya, wata motar abokin hulɗarmu ta faɗa rami a wani gari, sai an je an duba ko za ta gyaru. Na ce wa Yaya, "Ga kayan surukina, lotsawar za a fitar, in na dawo zan yi."

Yaya ya zagaya ƙwallon, ya rufe ido ya shafa shi da tafin hannu. Haka muke yi a sana'armu. Ido yana ƙarya a kan ƙarfe, haske ya ruɗe shi, amma tafin hannu ba ya ƙarya. Dokar garejinmu ce tun daga wanda ya koya mana: duk abin da hannu ya ji ya yi tuntuɓe a kansa, bai fita daga ƙofar nan ba.

"Lotsawa?" in ji Yaya. "Wacce daga ciki? Ai abin nan duk lotsawa ne. Haba Sanyi, mutumin da yake shimfiɗa wa mutane jarida, dubi abin da yake ajiye a falonsa."

Sanyi ne sunan da yake kirana, wai komai nawa a hankali nake yi.

"Ka dai bar mini shi," na ce.

"Je ka abinka."

Aikin can ya ja ni, ban dawo ba sai da aka kwana biyu. Ina shigowa gareji na ga wani abu yana ƙyalli a tsakar fili. Yaya ya ajiye motocin mutane ya duƙufa a kan ƙwallon. Ya buge ramukan ta ciki da guduma, ya gurje da inji, ya cike ragowar da foti, ƙullin da muke cike lotsawa da shi, ya bi da samfefa mai laushi. Wayoyin ya datse su ƙarƙaf, ya ce wani yaro zai tsokane ido. Cikin yankan nan mai hawa-hawa ya mayar da shi sumul, ya fesa fenti daga fari a tsakiya zuwa ruwan ɗorawa zuwa ja a baki, launukan sun narke cikin juna, ba ka ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Duk mai fenti ya san wahalar wannan. Wani ɗan ƙulli na tagulla da ke can tsakiya shi kaɗai ya bari, ya goge shi yana walƙiya.

"Shafa ka ji," in ji Yaya.

Na rufe ido na shafa. Ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Wayoyin sun ɗan tsaya mini a rai, amma gaskiya aikin ya yi kyau, kuma na faɗa masa haka.

"Da ni za a kai," in ji shi. "Ina so in ga fuskar tsohon nan."

Ran Asabar da hantsi muka naɗe ƙwallon da zanen gado, muka hau da shi benen nan muna nishi, matata tana gaba. Ƙofa a buɗe. Yara 'yan sakandare sun cika falon, wasu a kujera wasu a ƙasa. Malam yana tsaye a gefen tebur da tabaransa mai kauri, ya ɗaure gwiwa da bandeji.

Na durƙusa. "Baba, ina kwana."

"Kun makara. Ajiye ta inda take zama, Auta ta sani."

Yaya ya gaishe shi a tsaye. Malam ya amsa da hanci. Da aka yaye zanen, yaran suka ce "Kai!" baki ɗaya. Yaya ya harɗe hannu a ƙirji, ya jingina da bango.

Malam bai tsaya dubawa ba. Ya matso, ya zura hannu cikin yankan, yatsansa ya sauka a kan ƙullin tagullar nan kai tsaye.

"Mun faɗa a makon jiya, rana tauraruwa ce kamar sauran taurari, kusa ce kawai ta yi da mu. Yau za mu shiga cikinta. Wannan ita ce cibiya. A nan nauyin duk abin da ke sama yake dannowa, har ƙwayoyin iska mafi sauƙi su haɗe su zama wata iskar dabam, zafi da haske su fito. Zafin nan ya kai digiri miliyan goma sha biyar. Duk hasken da ya taɓa sauka a kanku, nan aka haife shi. Daga nan sai mu haura zuwa..."

Yatsan ya bar tagullar ya zame. Ya dawo da shi, ya sake tafiya a hankali, yana laluben wani abu. Ya sake zamewa.

"...zuwa hawa na biyu, inda haske yake rarrafe. Ga shi nan."

Wata yarinya a gaba ta ɗaga hannu. Da ta ga bai kira ta ba, sai ta yi magana. "Malam, hannunka ya fito waje. Kan baki kake."

Malam ya ɗora tafin hannayensa biyu a bayan ƙwallon, ya shafa dama, ya shafa hagu, ya shafa sama inda wayoyi suke a da.

"Ku tashi ku tafi gida. Babu karatu yau."

Yaran suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ba mai waiwaye. Na ƙarshe ya ja ƙofa.

"Wane ne ya yi wannan?"

"Ni ne," in ji Yaya. "Ba sai an gode ba."

"Ina ƙurajen fuskarta? Ina tabbanta? Ina kambin?"

"Ƙuraje? Malam, a wurinmu kuɗi ake biya a cire su. Ka kawo abu kamar wanda aka yi wa ruwan duwatsu, na mayar maka da shi sabo fil."

"Lotsawa ɗaya na ce."

"Ni kuma na ga dubu. In gyara ɗaya in bar saura? A ce daga garejinmu ya fito?"

"Jahilci!" Malam ya buga tebur. "Ku duk abin da ba ku gane ba sai ku buge shi da guduma. Rana ba ƙofar mota ba ce. Tafasa take yi. Kowane rami da ka shafe yana da ma'ana, kai da ba ka san ma'anar komai ba sai ƙarfe."

"To mai ilimi, ƙarfen ne dai ya kawo ka wurinmu. Me ya hana ka gyara da alli?"

"Yaya, don Allah," na ce.

"Bar ni, Sanyi. Tun yaushe yake taka mu? Duba mana, Malam! Dubi yadda launin nan ya tafi, ko a kamfani albarka. Kana ganin fuskarka a ciki kamar madubi. Ka duba ka faɗi gaskiya in akwai ta a bakinka."

Malam ya juya fuska wajen muryar Yaya, amma bai dace ba, sai ya zama kabad ɗin littattafai yake harara. A nan ne matata ta matso kusa da shi.

"Baba," ta ce a hankali, "wane launi ne a tsakiyar?"

Ya kawar da kai.

"Baba, yatsu nawa na ɗaga?"

"Kada ki mayar da ni majinyacinki, Auta."

"Tun yaushe?"

Ya zauna a kujera. Sai a lokacin na gane. Mun san idon ya yi rauni, amma ba mu san ya tafi ba. Falon ne ya haddace, da matakala, da wannan ƙwallon. Da yatsa yake karanta shi, kowane hawa da irin jinsa, yaran kuma suna zaton kallo yake. Mu da muke rufe ido mu shafa ƙarfe, mu ne muka goge wa mutum abin da yake shafawa.

"Uwarki ce ta yi ramukan nan," in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa. "Da ƙusa mai dakusasshen baki. Ina riƙe kwanon tana bugawa. Ke kina goye."

Matata ta kalli ƙwallon, ta kalle ni. Ban taɓa ganin irin wannan kallon a idonta ba.

Yaya ya sauke hannu daga ƙirji, amma bakinsa bai sauka ba. "Ai da sai a faɗa wa mutum. Wa ya san..."

"Ku fita," in ji Malam. "Ku ɗauki madubinku ku fita. Ke kuma, kada ki ƙara yi mini maganar ɗakin nan. Gidan da ake shafe abin da na mallaka da rana tsaka, me za a yi mini in na kwanta ciwo?"

Muka sauko da ƙwallon kamar masu ɗauke da gawa. A ƙasa Yaya ya ce, "Tsoho mai baƙin hali, ko makanta ba ta sa ya yi laushi ba." Matata ta juyo ta ce masa, "Yaya, ka ci darajar mijina." Da muka isa ta wuce ɗakin nan, ta sauke labulen, ta ninke shi ta sa a akwati. Washegari ba ta share ba.

Ni ban iya dogon bayani ba, kuma ban ga abin da haƙuri na baki zai gyara ba. Na tafi gareji na ɗauko wuƙar kankara da tina mai narkar da fenti, na zauna a gaban ƙwallon na fara cire fentin.

Yaya ya fito daga ƙarƙashin wata mota. "Me nake gani? Aikina kake kankarewa?"

"Eh."

"Saboda mutumin da ya kira mu jahilai?"

"Saboda ɗakin can da ba kowa a ciki."

"Wallahi Sanyi, kai ko an taka ka sai ka ba ƙafar haƙuri. Ba abin da za ka samu a ƙasa, na buge su duka."

Kusan gaskiyarsa ce. Duk inda na kankare, kwano ne a miƙe, da sawun injin gurza. Na ci gaba dai, tunda ban san abin da zan yi ba in na daina. Sai can ƙasa, tsakanin ƙafafu ukun, inda guduma ba ta iya shiga, na ji wuƙar tana tsalle. A nan Yaya foti kawai ya lafta. Na bi a hankali da tsinke ina zaƙulowa. Wuri ne bai fi tafin hannu ba, amma ramukan suna nan yadda aka yi su.

Na wanke hannu na tafi benen. Na ƙwanƙwasa, Malam ya tambayi ko wane ne, da ya ji ni ne ya ƙi buɗewa.

"Baba, akwai wurin da ya tsira."

Na matsa kusa da ƙofar.

"Aikin Mama. Kamar tafin hannu. Ban iya kawo shi nan ba, duk ƙura ne."

Na daɗe a tsaye kafin na ji makulli. Ya fito da hularsa a kai. Na miƙa masa hannu a bakin matakala, ya ture. "Na san benena." Ya bi bango yana saukowa, ni kuma na sauka da baya a gabansa, ban bari ya sani ba.

Da muka isa gareji, Yaya ya dube mu, ya shiga ofis, ya fito da jarida. Ya karkaɗa ta da ƙarfi don a ji, ya shimfiɗa a kan benci.

"Bismilla, Malam. Kada kayanka su ɓata mana benci."

Malam ya laluba ya ji takardar, ya zauna a kai. "Ashe kana koyon abu in an maimaita maka."

Na kwantar da ƙwallon a cinyarsa, na kai yatsansa wurin. Ya daɗe yana bin ramukan ɗaya-ɗaya. Yaya ya kashe injin da ke ƙara. Can Malam ya share hanci da bayan hannu.

"Kai mai guduma. Kana da ƙusa?"

Haka aikin ya fara. Kullum da safe in je in ɗauko shi, ya zauna a kan jaridarsa, ya yi ta ba da umarni yana faɗa. Cikin yankan muka fara sassaƙewa. Hawan da ke bin cibiya ya ce in yi masa zane-zane da bakin ƙusa, a karkace, su yi ta kai da komo.

"Miƙaƙƙe ka yi. Goge. Haske a nan ba ya tafiya kai tsaye. Wurin a cunkushe yake, ya yi gaba kaɗan ya bugi wani abu, ya koma baya, ya yi gefe. Sai ya yi dubban shekaru bai fita daga hawan nan ba."

"Ashe dangin Sanyi ne," in ji Yaya daga inda yake.

"Shi aƙalla yana isa inda za shi," in ji Malam.

Ban san ko hasken yake nufi ko ni ba, ban kuma tambaya ba.

Hawa na uku da'irori ne, masu tudu. Ya ce a nan iska mai zafi take tasowa sama, ta huce, ta nutse, wata ta taso, kamar ruwa a tukunya. Kawunan wannan tafasar su ne ƙurajen da ake gani a fuskar rana, kowanne ya kai faɗin wata ƙasa, kuma ba ya daɗewa yake ɓacewa wani ya fito. Fuskar ma, in ji shi, ba ƙasa ba ce da za a taka, iska ce, wurin ne kawai haske yake kuɓucewa ya taho mana. Baƙaƙen tabban kuma wurare ne da suka ɗan fi maƙwabtansu sanyi.

Ƙurajen ne suka fi cin rai. Yaya ya ga abin yana jan lokaci ga motoci suna jira, ya ƙwace ƙusar ya ce bari ya nuna mini yadda ake aiki. Kafin ka ce me ya yi layi uku reras. Malam ya shafa.

"Wannan sojoji ne a fareti. Wa ya ce maka tukunya tana tafasa a layi? Ba ƙanenka ƙusar. Hannunka ya cika son a yabe shi."

"Kai kuma bakinka ya cika son a tsane shi."

"Ban zo neman ƙauna a gareji ba."

Na karɓi ƙusar. Sai in shafa aikin Mama da hagu, in buga da dama, in sake shafawa. Nata wani ya fi wani zurfi, wani ya jingina da ɗan'uwansa, akwai inda ka san hannu ya gaji. Ban yi ƙoƙarin gyara mata ba, bin ta kawai na yi.

Bayan fuska akwai wata siririyar jar riga, ya ce ba a ganinta sai in wata ya rufe rana lokacin husufi. Muka zuba yashi a jan fenti don yatsa ya ji ta. Sai kambi, wato wayoyin nan. Kwanon siriri ne, in na sa wutar walda sai ya huje. A duk layinmu ba mai hannun Yaya a wannan. Ban roƙe shi ba. Na huda wuri ɗaya, na huda na biyu, sai ga shi ya ture ni.

"Matsa, kada ka ƙone wa tsoho duniya."

Yana liƙa wayoyin Malam yana faɗa masa tsawo, yana cewa a lanƙwasa wasu su koma jiki, don haka harsunan wutar suke yi. Ya ce kambin nan iska ce siririya da ta bazu nesa, amma zafinta ya haura digiri miliyan, alhali fuskar da ke ƙasanta ba ta kai dubu shida ba.

Yaya ya ɗaga gilashin walda. "A nan kam ka yi ƙarya, Malam. Da wuta nake cin abinci. In ka matsa nesa da ita sanyi kake ji. Ya za a yi waje ya fi jiki zafi?"

"An auna, haka yake. Dalilin kuwa masana suna kan bincike har yanzu, ba su gama warware shi ba."

"Au! Ashe ku ma akwai abin da ba ku sani ba."

"Akwai da yawa. Bambancin, mu ba ma cike shi da foti."

Yaya ya sauke gilashin ya ci gaba da walda yana gunaguni. Amma na lura da ya gama, sai da ya bi bakin kowace waya ya murɗe ta, don kada ta soki yatsa.

Ranar da aka gama, matata ta zo daga wurin aiki ta tsaya a bakin gareji. Tun ranar Asabar ɗin nan maganarmu ba ta wuce ta abinci ba. Malam ya tashi tsaye, ya sa yatsa a cibiya, ya bi hawa-hawa har waje, bai ɓata ko sau ɗaya ba. Ya shafa fuskar ko'ina, daga ƙarshe ya kai hannu can ƙasa tsakanin ƙafafun ya bar shi a wurin.

"Ban da nan, sauran ba hannunta ba ne," ya ce.

"Ba shi ba ne, Baba," na ce.

"Ba kuma zai zama ba."

"Haka ne."

Na ce mota tana waje, bari mu mayar da ita bene. Bai motsa ba.

"In ta koma benen can za ta sake gangarowa. In ta gangaro, hannun wancan za ta sake faɗawa." Ya juya kai. "Auta, kina nan? Ina jin ƙamshin maganin asibiti. Ɗakin nan da kika hana ni sakat da shi, a ƙasa yake?"

"A ƙasa yake, Baba."

"Yara za su samu wurin zama?"

"Akwai baranda."

"To a kai ta can. Ni kuma ba zan bar ta a gidan masu guduma ba mai tsaro. Kada wani ya ɗauka wani abu ne ya sauya. Kuma wancan ba zai taka mini ɗaki ba."

"Ko da kati aka gayyace ni," in ji Yaya.

Shi ne dai ya tuƙa motar, shi ne kuma ya kama ɗaya gefen muka shiga da ita gida. A ƙofar ɗakin muka tsaya cak. Ƙwallon zai wuce, amma wayoyin kambi sun fi ƙofar faɗi. Muka karkata ta dama, muka karkata ta hagu, ta ƙi. Yaya ya sa hannu a aljihu a hankali ya zaro filaya, ya yi mini ido. Kaɗan kawai, in ji idon, ba zai sani ba. Filayar ta ɗan yi ƙara da ya buɗe ta.

"Ajiye!" in ji Malam daga bayanmu. "Makaho ne ni, ba kurma ba."

Yaya ya yi tsaki ya mayar da ita aljihu. "To mai ilimi, ta ina za ta shiga? Ta taga?"

"Wannan matsalar masu gidan ce."

Na je na ɗauko sukundireba da guduma. Na cire ƙofar, na ɓamɓare katakon gefenta, filasta tana zubowa a kan farin fentina. Rana ta shiga da kambinta cif, ba waya ɗaya da ta lanƙwashe. Malam ya bi bayanta yana dafa bango, ya sami kujerar gindin taga, ya shafa ta, ya zauna. Ya ce ɗakin yana warin fenti, kuma katifar da ya taɓa ta cika laushi.

Matata ta juya. Ta wuce ni ta buɗe akwati ta ɗauko labulen. Tunda yanzu ba ƙofa, a nan ta ce in kafa mata ƙusa, ta riƙe mini kujera na hau.